Rigar zakara da lambar zinariya: me mutum yake saye idan ya saye su?

Tambaya: Wani matashi daga Zariya ya aiko yana cewa yana son ya fara tara kayan tarihin zakarun wasanni na duniya, irin su riguna, lambobin yabo da hotuna masu sa hannu. Wani dillali ya yi masa tallan koriyar riga, ya ce ɗaya daga cikin 'yan ƙwallon Najeriya ne ya sa ta a gasar Olamfik ta Atlanta a 1996. A jikinta akwai sa hannun 'yan wasa uku, kuma ta zo da takardar shaida mai hatimi. Yana so ya san yadda zai gane ko ta gaske ce, daga ina ya kamata ya fara, kuma ko akwai riba a harkar.

Amsa: Ɗan'uwa, riƙe kuɗinka tukuna. Ban ce dillalin maƙaryaci ba ne, mai yiwuwa shi ma haka aka sayar masa. Sai dai a wannan harka riga ba ta yi wa kanta shaida. Yadin da ke jikinta bai fi na sauran riguna ba, abin da ya ɗaga darajarta shi ne jikin da ta taɓa da ranar da ta taɓa shi, kuma waɗannan biyun ba a ganin su da ido, sai an kawo hujja. Ka ɗauke ta kamar sayen fili: ba ka tsaya ga kyan wurin ba, sai ka ji wa ya mallaka da farko, wa ya sayar wa wa, su wane ne shaidu, ina takardu. In aka samu giɓi a tsakani, farashi ya faɗi, ko da wurin ya kai kyau.

Rigar da ta fi nuna wannan ita ce ta Diego Maradona. Ranar 22 ga Yuni 1986, a filin wasa na Azteca da ke birnin Meziko, Ajantina ta doke Ingila 2 da 1 a zagayen 'yan takwas na gasar cin kofin duniya. Maradona ya ci ƙwallo ɗaya da hannu, bayan mintuna huɗu ya ci wata bayan ya yanke kusan rabin 'yan Ingila. Da aka tashi, ɗan wasan tsakiya na Ingila Steve Hodge, wanda ƙwallon ta kuɓuce daga ƙafarsa ta tashi sama har Maradona ya sa mata hannu, ya yi musayar riga da shi. Rigar ta zauna a hannun Hodge shekara 36, ta yi wajen shekara 20 a matsayin aro a gidan tarihin ƙwallon ƙafa na Ingila, inda kowa ke ganinta. A watan Mayu 2022 gidan gwanjo na Sotheby's ya sayar da ita kan fam miliyan 7.1.

To, duk da wannan tarihi mai tsabta, sai da aka yi jayayya. 'Yar Maradona, Dalma, ta fito ta ce rigar da ke hannun Hodge ta kafin hutun rabin lokaci ce, alhali ƙwallayen biyu duk bayan hutu aka ci su. Ba ƙaramar magana ba ce, domin 'yan wasa kan canza riga a hutu, kuma bambancin kuɗi tsakanin rigunan biyu miliyoyi ne. Abin da gidan gwanjon ya dogara da shi shi ne gwada rigar da hotunan wasan, zare da zare. Ya samu sauƙi saboda yadda aka yi rigunan tun farko. Shuɗayen rigunan da Ajantina ta zo da su sun yi nauyi a zafin Meziko, sai aka aiki wani ma'aikacin ƙungiyar kantunan birnin ya sayo masu sauƙi, aka ɗinka bajon ƙasar da hannu cikin gaggawa, aka manna lambobi masu ƙyalli da dutsen guga. Saboda haka babu riga biyu da suka zo iri ɗaya sak: karkacewar bajo, bakin zaren da ya fito, inda lamba ta faɗa a kan zanen yadin. Waɗannan ƙananan aibobi su ne suka zama shaida.

Yanzu ga rigarka. Riga iri huɗu ce ke yawo a kasuwa da suna ɗaya. Akwai wadda ɗan wasa ya sa ya buga wasa da ita. Akwai wadda aka tanadar masa a ɗakin sauya kaya amma bai sa ba. Akwai wadda kamfanin da ke ɗinka wa ƙungiyar kaya ya yi don magoya baya su saya a kanti. Sai jabu, wadda wani ya kwaikwaya. Ta farkon ce kawai ke da tsada ta gaske, kuma yawancin cutar da ake yi shi ne a ɗauki ta biyu ko ta uku a kira ta ta farko. Don haka ka tambayi dillalin: wane ɗan wasa, a wane wasa, kafin hutu ko bayan hutu? Najeriya ta buga wasa shida a gasar, ta fitar da Barazil da ci 4 da 3 a wasan kusa da na ƙarshe, ta doke Ajantina 3 da 2 ranar 3 ga Agusta. In amsarsa ita ce "ai ta Atlanta ce kawai", ka san bai sani ba. Sannan daga hannun ɗan wasan zuwa hannunsa, su wa ta ratsa? Ka nemi sunaye, ka nemi izinin tuntuɓar su.

Akwai kuma abubuwan da kai da kanka za ka iya dubawa kafin a kai ga masana. Kamfanin Nike ne ya yi wa Najeriya riga a 1996, alhali ta gasar kofin duniya ta 1994 Adidas ce, kuma masu jabu kan cakuɗa su. Lamba ta dace da mai ita: Nwankwo Kanu 4, Jay-Jay Okocha 10. 'Yan wasa 18 ne aka tafi da su, cikinsu akwai Garba Lawal, Tijjani Babangida, Daniel Amokachi da Celestine Babayaro. Rashidi Yekini da Finidi George ba sa ciki. In ka ga sa hannun ɗayansu a rigar da aka ce a sansanin Atlanta aka rattaba mata hannu, labarin ya karye. Haka nan ka riƙe ranakun rasuwa a kanka, domin mamaci ba ya sa hannu: Yekini ya rasu a 2012, Stephen Keshi da Muhammad Ali a 2016, Maradona a 2020, Pele a ƙarshen 2022. An taɓa nuna mini rigar Najeriya ta 2018, mai zanen nan da ya yi tashe, ɗauke da sunan Yekini da alƙalami, mai ita kuma yana ta murna.

Shi kansa sa hannun, ka juya shi ƙasa ta koma sama kafin ka duba. Idan ka karanta suna, ƙwaƙwalwarka za ta cika maka abin da ya rage, amma in ka juya shi, zane kawai za ka gani, sai ka lura da tafiyar hannu. Mutumin da ya sa hannu sau dubbai alƙalaminsa gudu yake yi, layin ya yi kauri a wani wuri ya sirance a wani, ƙarshensa ya tashi kamar an fizge. Mai kwaikwayo a hankali yake ja, yana kallon samfuri, sai ka ga layin na rawa, ka ga ɗigon tawada inda ya tsaya ya ɗaga kai. Ka sa gilashin ƙara girma. In ka ga layin ya tarwatse ya zama ƙananan ɗige-ɗige, na'urar buga takarda ce ta yi shi. In kaurinsa ɗaya daga farko har ƙarshe, da ɗigo a mafari da ɗigo a matsaya, na'urar sa hannu ce. Kuma ka gwada shi da samfura na zamanin da aka ce an yi shi, domin hannu na canzawa. Sa hannun Muhammad Ali na shekarun 1970 babba ne mai yalwa, na bayan da cutar karkarwa ta kama shi ƙarami ne a tsuke.

Takardar shaida kuwa, darajarta darajar wanda ya ba da ita ce. Wanda ya iya ƙirƙirar sa hannun Kanu, hatimi ba zai gagare shi ba. A ƙarshen shekarun 1990 hukumar FBI ta Amurka ta yi wani bincike mai suna Operation Bullpen, ta kama gungun masu ƙera sa hannun zakaru, kuma kayansu da takardun shaida suke fita. Akwai kamfanonin tantancewa da kasuwar duniya ta yarda da su, irin su PSA, JSA da Beckett. Kowace shaida tasu tana da lamba da za ka shigar a shafinsu na intanet ka ga bayanin kayan. Ka shigar da kanka, kada ka yarda da hoton waya da dillali ya turo. Su ma ra'ayin masani suke bayarwa, kuma sun fi gogewa da 'yan wasan Amurka da Turai fiye da namu. A kan rigar ɗan Najeriya, hoton ɗan wasan riƙe da ita tare da gajeriyar wasiƙa da hannunsa ya fi mini kowane hatimi. Sa'arka ita ce yawancin 'yan Atlanta suna raye, ana iya tambayar su.

Lambobin yabo suna da tasu matsalar. Mutane da yawa na zaton lambar zinariya ta Olamfik zinariya ce zalla. Rabon da a yi haka tun gasar Stockholm ta 1912. Ta yanzu azurfa ce da aka yi wa ruwan zinariya na gram 6 aƙalla. Ta Paris 2024 nauyinta gram 529, a tsakiyarta akwai gram 18 na ƙarfen hasumiyar Eiffel. Wanda ya kai ta wurin mai awon gwal zai dawo da ɓacin rai, kuma wanda ya yi maka tallan ta Olamfik ta kwanan nan yana rantsuwa zinariya ce tsantsa bai san abin da yake riƙe da shi ba. A nan ma labarin ne ke da tsada. Jesse Owens, baƙar fatar Amurka da ya ci zinariya huɗu a Berlin a 1936 a gaban gwamnatin Hitler, ya ba abokinsa ɗan rawa Bill Robinson ɗaya daga cikinsu. A Disamba 2013 aka sayar da ita dala 1,466,574, duk da cewa babu wanda zai iya cewa ta wane wasa ce cikin huɗun, domin lambobin 1936 ba a rubuta sunan wasa a jikinsu ba. Wannan rashin rubutu shi ya sa tsofaffin lambobi ke buƙatar tarihin hannaye fiye da sababbi. Ka kuma lura da lambar halarta, wadda aka riƙa raba wa waɗanda suka je gasar, 'yan wasa da jami'ai. Tana da kyau, tana da araha, ta cancanci a tara ta, amma ana yawan sayar wa sabon shiga ita da sunan lambar nasara.

Batun riba, zan gaya maka yadda nake gani ba tare da kwana-kwana ba: kada ka shigo don ita. Alƙaluman da ake yayatawa gaskiya ne. Ɗamarar kambun dambe ta Muhammad Ali, mai nasaba da karawarsa da George Foreman a Kinshasa a 1974, ta kai dala miliyan 6.18 a 2022. A shekarar ce rigar ɗan ƙwallon kwando Michael Jordan ta wasan farko a zagayen ƙarshe na gasar Amurka ta 1998 ta kai dala miliyan 10.1. Riguna shida da Lionel Messi ya sa a gasar kofin duniya ta Qatar sun tashi dala miliyan 7.8 a Disamba 2023. Amma waɗannan 'yan ƙalilan ne, na mutanen da duniya duka ta san sunansu, a ranakun da ba a mantawa. Lambar Bob Beamon, wanda ya yi tsallen mita 8.90 a Meziko a 1968, dala 441,000 ta yi a 2024. Ta ɗan ninƙaya Anthony Ervin ta Sydney 2000, da ya sayar don taimakon waɗanda ambaliyar tsunami ta shafa, dala 17,101. Har lambar Owens ta biyu da ta fito kasuwa a 2019 ba ta kai rabin kuɗin ta farko ba. Ka ɗora la'adar gidan gwanjo, wadda takan kai kashi 20 zuwa 25 cikin ɗari a kan mai saye, ban da abin da ake cire wa mai sayarwa, ga kuɗin aiko da kaya, ga kwastan, ga canjin dala da ba ya zama wuri ɗaya. Kaya sai ya tashi sosai kafin ka mayar da uwar kuɗi. Ranar da ka matsu kuma, mai saye ba ya nan a bakin ƙofa.

Akwai wani gefe da nake so ka sani tun yanzu, domin in ka daɗe a harkar za ka gamu da shi. Zakara ba ya rabuwa da lambarsa don nishaɗi. Ko dai wata buƙata ta alheri, ko rashin lafiya, ko talauci. Maria Andrejczyk ta ƙasar Poland ta yi gwanjon azurfar da ta ci a jifan mashi a Tokyo don a yi wa wani jariri aikin zuciya. Kamfanin kantuna na Żabka ya saya, sannan ya ce ta riƙe abarta. Haka aka yi wa ɗan dambe Wladimir Klitschko a 2012: ya sayar da zinariyarsa ta Atlanta dala miliyan 1 don gidauniyar yara, mai sayen ya mayar masa nan take. A wajenmu tsofaffin 'yan wasa da yawa sun tsufa ba su da komai. In irin wannan dattijo ko iyalansa suka kawo maka lamba, ka gaya musu kimarta ta gaskiya, ka biya daidai, a rubuta yarjejeniya gaban shaidu, ka tabbata sauran magada sun sani. In da hali, ka ba su damar fansa cikin wani wa'adi. Ba na ganin mutuncin mai tara kayan da ya cika akwatinsa da matsuwar mutane, kuma ko ta fuskar ciniki, lambar da iyali ke jayayya a kanta ba ta sayuwa a gidan gwanjo na kirki.

Inda za ka fara yana kusa da kai fiye da yadda kake zato. Mai tara kaya a Landan ya fi ka kusa da rigar Messi, amma kai ka fi shi kusa da abubuwan da ba ya iya samu. Najeriya ta karɓi gasar wasannin Afirka a Legas a 1973 da Abuja a 2003. Gasar kofin duniya ta 'yan ƙasa da shekara 20 ta 1999, wadda Sifaniya ta ci, an buga wasanninta a Kano, Kaduna da Bauchi, kuma cikin yaran da suka zo ƙasar akwai Xavi, Iker Casillas, Ronaldinho da Seydou Keita na Mali. An sake dawowa waɗannan garuruwa a gasar 'yan ƙasa da 17 ta 2009. Yamai ta karɓi wasannin ƙasashe masu magana da Faransanci a 2005. Tikiti, katin shiga na ma'aikata, littafin jadawalin wasa, hula, kan sarki, hotunan da masu ɗaukar hoto na gari suka yi, duk suna kwance a akwatunan mutane, ana zubar da su duk lokacin da aka tashi daga gida. Jaridun makon farko na Agusta 1996 suna ɗauke da zinariya biyu a jere, ta Chioma Ajunwa da ta yi tsallen mita 7.12 da ta 'yan ƙwallo washegari. A Nijar kuwa, duk abin da ya shafi tagullar Issaka Daboré ta dambe a Munich 1972, ko azurfar Abdoul Razak Alfaga ta tekwando a Rio 2016 da kambun duniya da ya ci a 2017, tarihi ne da mutane kaɗan ke adanawa. Tikitin takarda ma kansa yana ƙarewa, tunda gasar Paris ta waya aka shiga.

Ka zaɓi fanni ɗaya ka tsaya a kai, ko gasa ɗaya, ko ɗan wasa ɗaya, har ka san shi fiye da dillalai. In kuɗi kaɗan ne, hotunan mannawa na kamfanin Panini, wanda ya fara kundin gasar kofin duniya a 1970, hanya ce mai sauƙi ta koyon duba inganci da lafiyar kaya. Sa hannun da ya fi kowane aminci kuwa shi ne wanda aka yi a gabanka. Tsofaffin 'yan wasanmu na halartar wasannin sada zumunta da bukukuwa. Ka gaishe su da ladabi, ka nemi izini, wani ya ɗauki hoto lokacin da alƙalami ke kan rigar, fuska da rigar duk su fito.

Sai adanawa, inda yanayinmu ke yi wa mutane ɓarna a hankali. Rana ce babbar abokiyar gaba. Rigar da aka rataye a falo tana fuskantar taga, tawadarta za ta koma ruwan ƙasa, daga baya ta ɓace. Ka ajiye ta asali a duhu, ka rataye hotonta. Kada ka wanke rigar da aka yi wasa da ita, ko da tana da tabon ciyawa ko laka, domin da tabon ake gwada ta da hotunan ranar. Kada ka sa mata dutsen guga, lamba da bajo na narkewa. Kada ka naɗe ta a kan sa hannun, ka shimfiɗa ta, ka sa farin yadin auduga wankakke tsakaninta da wata. Baƙar leda tana tara gumi da damina, sai fumfuna. Akwatin ƙarfe mai murfi ya fi kwali saboda gara da kyankyasai, a ɗora shi a kan wani abu kada ya taɓa ƙasa ko bango, a jefa 'yan ƙunshin nan masu shan danshi da ke zuwa cikin kwalin takalmi. Kafur kada ya taɓa yadi kai tsaye. Takarda kuwa, kada ka kai ta shagon kwamfuta a manne ta cikin roba da zafi. Mutane na yi da kyakkyawar niyya, amma tikitin da aka yi wa haka ya tashi daga aiki, ba a iya ɓare shi, wasu ma baƙi suke komawa saboda zafin.

Lamba ita ce ta fi shan wahala a hannun masu ƙaunarta. Wani bawan Allah ya kawo mini ta mahaifinsa, ta wata gasar nahiya, yana alfahari ya sa an goge ta da toka da lemun tsami ta yi fes. Ruwan zinariyar ya tafi daga duk inda zanen ya tudu, farin ƙarfe ya fito, rubutun gefe ya dushe. Dusashewar da shekaru suka kawo ba datti ba ce, masu saye suna son ganinta. Ka riƙe lamba ta gefe da hannu busasshe, ka bar mata igiyarta da akwatinta na asali ko sun tsufa, domin rabuwa da su na rage kuɗi.

Ka sayi littafi mai bango mai ƙarfi tun kafin kaya na biyu ya shigo. Kowane abu ya samu shafinsa: mene ne, daga hannun wa, a ina, ranar da ka saya, nawa ka biya, wa ya shaida, da abin da mai shi ya faɗa game da shi, a rubuce da kalmominsa, ya sa hannu. Ka ɗauki hoton kayan gaba da baya da ƙyallen wuya, ka ajiye kwafi a waya da wani wuri dabam. Lambar shafin ka rubuta ta da fensir a ƙaramar takarda ka sa cikin jakar kayan, ba a jikinsa ba. Sannan ka nuna wa mutum ɗaya a gidanku inda littafin yake da yadda ake karanta shi.